Ranar Goyon Inna

Pyo Gwang-ho ya daɗe rabonsa da sunkuyawa. Idan biro ya faɗi a shagonsa na sassaƙa hatimi, da yatsun ƙafa yake ɗauko shi, har ya ƙware, yana iya yi yana ciniki da mai saye. Daga kujerar shago sai ta bas, daga ta bas sai ta gaban talabijin. Ba wai bayansa yana ciwo sosai ba ne. Ritaya kawai ya yi tun kafin mai shi.

Farkon bazara suka taru a gidan mahaifiyarsu a garin Cheongju don shirya bikin cikarta shekara tamanin, wanda zai zo da kaka. Kowa ya san yadda ake yi. 'Ya'ya su durƙusa su gaishe ta, su miƙa mata ƙoƙon giya, sannan babban ɗa ya juya baya ya goya ta, ya zagaya zaure da ita ana kiɗa, ramuwar goyon da ta yi masa. Babban ɗa kuwa shi ne Gwang-ho. Ita kuma Inna mace ce mai jiki, ta yi shekaru tana sayar da romon ƙashin shanu a kasuwa, kuma ba ta taɓa raina abin da take sayarwa ba.

Da aka gama cin abinci a ƙasa, Gwang-ho ya dafa ɗan gajeren tebur da hannu biyu, ya yunƙura, ya huta, ya sake yunƙurawa. Ƙanensa Gwang-jun, wanda duk Lahadi sai ya hau dutse ya turo hoto, ya zuba masa ido.

"Yaya, in abin zai yi maka yawa, ni sai in goya ta. Kai ka biyo mu da takalmanta."

"Wa ya ce maka ba zan iya ba?"

"Babu wanda ya ce. Tebur ne na ji yana kuka."

Inna ta ɗago kai. Ta dubi babban ɗanta, ta dubi kwanonta, ta ci gaba da tauna a hankali.

Washegari Gwang-ho ya hau tudun bayan unguwa, inda aka kafa ƙarafan motsa jiki a ƙarƙashin itatuwa. Ya iso yana haki, ya tarar da abin da bai taɓa sanin ana yi a garin ba. Tsofaffi ne, sa'annin mahaifinsa da ya rasu. Wani ya rataye a ƙarfe kansa a ƙasa yana sauraron rediyo. Wata tsohuwa tana jujjuya zoben roba mai girman tayar mota a ƙugunta tana hira. Wasu uku sun jera suna buga bayansu a jikin itace. Ya tsaya baki sake. Ganin na itacen ya fi sauƙi, ya je ya juya baya zai fara.

"Kai, bar itacen nan, bai yi maka komai ba," in ji wani siririn tsoho mai farar gira da ake kira Dattijo Ok. "Me ya kawo ka da wannan tumbin?"

Gwang-ho ya yi masa bayani. Tsohon ya zagaya shi, ya sa babban yatsa ya danna gefen ƙashin bayansa, daidai ƙugu.

"Nan ya kamata a sami igiyoyi biyu. Kai tofu ne da kai, lugub kamar awara. Kwanta."

"A ƙasa, Baba?"

"A'a, bari in aika a kawo maka gado."

Ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu sama, ƙafafunsa suka hau rawa. Ya yi rub da ciki ya ɗaga ƙirji, bai fi tsayin yatsa ba. Aka sa shi ya yi rarrafe, ya miƙe hannun dama da ƙafar hagu, ya kife ta gefe cikin ganye. Mai zobe ba ta ko daina juyi ba ta ce, "Jikana ma haka ya fara."

Ya dawo washegari, da kashegarinta. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ƙanƙantar aikin. Babu ɗaga ƙarfe, babu ihu. Ka ɗaga, ka riƙe, ka yi numfashi, ka sauke. Damina ta zo suka koma ƙarƙashin rumfa. Zuwa wurin Inna kuwa ya ɗauke ƙafa, sai waya, don Lahadi ma tudu yake hawa. Yayarsa Gwang-suk, wadda take zaune da ita, kullum amsarta ɗaya, lafiya lau take.

Wata safiya a shago wani ɗan hatimi ya suɓuce masa ya gangara ƙarƙashin kanta. Sai da ya miƙe da shi a hannu sannan ya gane abin da ya yi. Ya kai hannu baya ya taɓa, ya ji su, igiyoyi biyu, tsaye gefe da gefe. Ashe duk shekarun nan suna wurin, ba su yi fushi ba, ba su tafi ba, jira kawai suke a kira su. Ya sake jefar da hatimin da gangan.

A gida ya ce wa matarsa, "Maman Hye-rin, zo in goya ki."

"Fara da buhun shinkafa. Shi in ya faɗi ba sai an kai shi asibiti ba."

Ranar biki Inna ta zauna a bayan teburin da aka jera wa 'ya'yan itace da waina, cikin rigar hanbok mai faɗi wadda ta baje har ƙasa. Aka gaishe ta, aka miƙa ƙoƙo. Mai gabatarwa ya kira babban ɗa. Gwang-jun ya matso kusa, ya ɗan ware hannuwa kamar mai jiran ƙwallo.

Gwang-ho ya durƙusa ya juya baya. Ya ji hannuwanta sun zagayo wuyansa. Ya ja numfashi yadda Dattijo Ok ya koya masa, ya ɗaure ciki, ya miƙe.

Bai ji komai ba. Kamar rigar sanyi ya rataya. Ya tashi cak, har ya kusa wuce gona da iri, zauren duk ya kaure da tafi. Ya taka, bayansa tsaye kamar ginshiƙi, ya ji kowane taku yana sauka daga ƙugu zuwa diddige ba tare da ko ƙara ba. Wani irin tsoro mai daɗi ya kama shi. Wannan jikin da ya ajiye a kujera kamar tsohuwar jaka, shi ne yau yake ɗauke da wadda ta haife shi. Idanunsa suka ciko. Ya gama zagaye ɗaya, ya ƙara na biyu ba wanda ya sa shi, yana ɗan rausaya da kiɗan.

"Baban Hye-rin," Inna ta ce a kunnensa, "ban yi nauyi ba?"

"Ko kaɗan, Inna."

"To madalla. Sauke ni, yunwa nake ji."

Ya zauna kusa da Gwang-suk yana sharce gumi, yana bayyana mata yadda tsokar baya take farfaɗowa ko a wane shekaru, muddin mutum ya dage. Ita kuwa tana ta cire wa Inna nama daga haƙarƙari. Inna ta share kwano na biyu, ta miƙa hannu a ƙaro mata shinkafa.

"Yaya, ba ta yi yawa ba kuwa?" in ji shi.

"Bar ta ta ci," Gwang-suk ta ce, ba ta ɗago ba. "Tun ranar da ta ga ka dafa tebur ta daina cin abincin dare."