Yayen Iro da Sandar Gwanda

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, aka kawo Iro yaye gidan kakanninsa a Manawashi. Uwarsa Fatimatu ta samu ciki, manya kuwa sun ce nonon mai ciki ba na yaro ba ne. Kakarsa ta wajen uwa, Lami, wadda ke zaune a Kwadon, ta so a kai mata shi. Amma Jumma, kakarsa ta wajen uba, ta riga ta zuwa, ta saɓa shi a baya ta taho.

Duk gidan ba wanda ya kai Malam Bawa, mijin Jumma, murna. Gyaran fitila da tocila yake yi a bakin tashar jirgin ƙasa, kuma tun da 'ya'yansa suka watse bai sake samun mai sauraronsa ba. In ya ce da Jumma ya ga ƙadangare mai jela biyu, sai ta ce masa itace ya ƙare. Iro kuwa zama yake yi a cinyarsa, ya kama masa gemu, ya saurari labarin ƙadangaren har ƙarshe.

Matsala ɗaya ce, yaron ya ƙi kunu. In an kawo ludayi ya kau da kai, in an kawo moɗa ya ture. Jumma ta matse shi tsakanin ƙafafunta ta yi masa ɗure, ya maido mata da shi a zane. Kwana uku, ban da ruwan da ake ɗiga masa da ƙyar, ba abin da ya zauna a cikinsa. Wuyansa ya fara tsawo. Labari ya kai Kwadon, saƙo ya dawo: in la'asar ta yau ta yi yaro bai sha ba, Lami na nan tafe da zanen goyonta.

"Ango, haka za ka yi min?" Jumma ta ce da jikan nata da safe. "Na ɗauko ka da girmanka, ka zo ka kunyata ni a gaban mutanen Kwadon?"

"Girkinki ne bai yi masa ba," in ji Malam Bawa.

"Kai da ya yi maka shekara arba'in, ga ka nan kamar karan dawa."

Ya ɗauki akwatin aikinsa ya fita, zuciya ba daɗi. Da hantsi yana zaune a rumfarsa, sai ya ga wani akawun jirgi ya sayi lemon kwalba. Malam Bawa ya jira ya ga ya ɗaga kwalbar, bai ɗaga ba. Wani farin tsinke mai rami ya zura a ciki, ya sa baki, sai ga lemo yana hawa da kansa. Malam Bawa ya ajiye fitilar da ke hannunsa. Tun da yake, ruwa gangara ya san yana bi, a kwari yake kwana, ko a rijiya sai an ja shi da guga. Yau ga ruwa yana hawa sama kamar an kira sunansa. Ya tuna tsando da sauro, su ma ba su taɓa ɗaga ƙwarya ba, kuma bai taɓa jin an yi musu ɗure ba.

Ya roƙi mai kanti tsinke guda, ya soke a naɗin hularsa, ya rufe rumfa tun azahar ba ta yi ba.

"Dama shi kunun ne bai iya tafiya ba," ya ce da Jumma yana shiga. "Ke tura shi kike yi. A bari yaro ya kira shi."

"Ikon Allah. Yau kuma kunu ake kira?"

Ya sa ta tace kunun ya yi ruwa-ruwa, ta zuba nono kaɗan. Ya shimfiɗa tabarma a gindin gwandar tsakar gida, ya zaunar da Iro a gabansa, ya sa tsinke a ƙoƙo, ya kai baki. A nan ya tuna yana azumi. Sitta Shawwal yake yi, shi da Jumma, yau ne kuma na shida, na cikawa. In ya ja, kunu zai hau, in ya hau ina zai tsaya? Sai ya yi dabara, ya kumbura kumatu, ya ɗan hura kaɗan don yaro ya ga ana wani abu. Kunu ya yi ɓul-ɓul-ɓul.

Iro ya buɗe ido. Karo na farko cikin kwana uku ya yi dariya. Ya fizge tsinken, ya cika kumatu, ya hura da iyakar ƙarfinsa, kunu ya tashi ya sauka a gemun kakansa.

"Madalla!" in ji Jumma daga bakin murhu. "An samu maƙeri a gida. Saura a saya masa zugazugi."

"Aboki, ba haka ba. Ciki za ka ja, ciki."

Iro ya dube shi, ya sake hurawa. To, ta yaya ake gaya wa ɗan shekara biyu ciki? Malam Bawa ya shaƙi iska ta hanci, yaron ya shaƙa, ya koma ya hura. Ya yi masa kukan tsotso da leɓe, yaron ya yi, ya koma ya hura. Abin da ya ga tsoho ya yi da tsinke shi ne karatun, ba ya son ƙari. Kafin a jima tsinken, da yake na takarda ne, ya jiƙe ya langaɓe kamar taliya.

"Shi ke nan, kayan Turawa sun mutu," in ji Jumma. "Bari in haɗa masa 'yan rigunansa."

Malam Bawa ya ɗaga kai sama don kada ta ga fuskarsa, sai idonsa ya faɗa kan ganyen gwanda. Ai sandarsa rami gare ta. Ya tsinko ƙanana biyu, ya yanke kai da gindi, ya wanke farin ruwan nan mai ɗaci sarai, ya leƙa ta ciki ya hango Jumma ƙarama a can ƙarshe. Ya ba Iro ɗaya, ya riƙe ɗaya.

"Ke zo ki nuna masa mana."

"Ni? Da bakin azumi? Ka bari a sha ruwa, ka nuna masa da kanka."

"Lami ba za ta jira magariba ba."

"To, ka ji."

Aka kira la'asar. Ya yi salla a nan kan tabarma, Iro na gefe yana ta dafa kunu da iska. Da ya sallame, ya zauna yana kallon yaron. Dariya yake yi, amma leɓensa ya bushe, idanun sun faɗa. Malam Bawa ya yi tunanin gobe, ya dawo daga tasha da labari a bakinsa, ya tarar da tabarma ba kowa. Ya dubi rana, saura kamar tsawon mashi biyu ta faɗi. Kwana biyar da yini kusan guda yana riƙe da bakinsa.

Ya yi bisimilla a hankali, ya zura sandarsa a ƙoƙon, ya ja.

Kunu ya hau. Ya ji shi yana tahowa, da sanyinsa da ɗan tsaminsa, har ya iso harshe. Kumatunsa suka lotsa, maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye da ƙara, ya ce, "Ahhh."

"Malam!" Jumma ta saki muciya. "Azumin fa?"

Ya sake ja. Iro ya daina huri. Ya matso ya sa ɗan yatsa a ramin kumatun kakansa, ya taɓa maƙogwaron da ke hawa da sauka. Sannan ya kama tasa sandar da hannu biyu, ya lotsa kumatu. Da farko iska ya sha. Na biyu kunu ya zo masa ba shiri, ya ƙware, ya yi tari, ya dubi ƙoƙon kamar wanda aka yi wa rashin kunya. Ba wanda ya yi motsi a gidan. Ya mayar da baki, ya ja, ya haɗiye, ya ce, "Ahhh."

Malam Bawa ya janye sandarsa don ya bar masa sauran. Nan take yaron ya tsaya, ya tura masa ƙoƙon. Ashe shan na mutum biyu ne, in tsoho bai ja ba, shi ma ba ya ja.

Suna cikin ƙoƙo na biyu aka yi sallama. Lami ce, da zanen goyo a kafaɗa. Ta tsaya a bakin zaure tana kallon surukinta, dattijo mai furfura, ya haɗa goshi da jikansa a kan ƙoƙo ɗaya, kowa da koren bututu a baki. Malam Bawa ya so ƙasa ta tsage. Ya so ya amsa gaisuwa, amma in ya saki, yaro zai saki. Sai ya ɗaga mata hannu ɗaya, ya ci gaba da zuƙa.

"Sannu da zuwa, mutanen Kwadon," in ji Jumma, tana shimfiɗa mata tabarma. "Ki yi haƙuri, 'yan yayen namu biyu ne, suna kan cin abinci."

Lami ta zauna, ta daɗe tana kallon cikin Iro yana tasowa kaɗan-kaɗan. Daga nan ta sauke zanen goyon, ta ninke shi, ta miƙa wa Jumma.

"Ki riƙe, kya riƙa canja masa. Shi babban kuma yaushe za a yaye shi?"

"Sai ya rama azuminsa gobe," in ji Jumma, ta ɗauki ludayi ta ƙara musu kunu.