Allurar Ƙarfi

Suguna ta ƙura wa hannun Likita Sarojini ido, likitar na ɗaga sabon hoton kan mijinta kusa da tsohon. Tsoro take ji.

Mijin, Kondaiah, direban tirela ne a garin Guntur, ya daɗe da ƙanjamau. Sati biyu baya ya yanke jiki ya faɗi, hoto ya nuna tabo kamar zobe a ƙwaƙwalwarsa. A ranar likita ta ce ko dai ƙwayar cuta ce ko ciwon daji, wato kansa. Za a gwada maganin ƙwayar. In tabon ya ragu, ita ce. In bai ragu ba, sai an huda ƙoƙon kai an ɗebo an duba. Ta ja kunne: kada ya sha wani magani daban.

"Ya ragu sosai," in ji likita. Har ta fara murmushi, sai ta dubi fuskar Kondaiah, kumatu sun yi suntum. "'Yar'uwa, me kuka ba shi?"

"Bai sha komai ba, wallahi!"

"Ban ce sha ba."

Suguna ta tuna baya. Ai da suka koma gida mutumin nan ko ruwan shinkafa ba ya haɗiyewa, uwarsa kuma ta tasa ta gaba da kuka. Shi ne ta kira mai kemis na bakin tasha, wanda duk ƙauye ke zuwa wajensa allurar ƙarfi. Kullum yana yi masa ɗaya. Washegari Kondaiah ya tashi zaune, har yana mitar yaji ya yi kaɗan! Kuma a garinsu wa ke kiran allura magani? Magani abin haɗiya ne.

"Allura ce kawai, likita. Ba sha ya yi ba."

Likita ta ajiye hoton a hankali. "Irin wannan allurar mai kumbura kumatu tana rage ciwon daji shi ma, na ɗan wani lokaci. Yanzu ban san wanne ya ragu ba. Ko mun huda kan, ƙila ba za mu ga komai ba sai tabon ya dawo."

"To yanzu fa?"

"Sai jira."

Kondaiah, da kunnensa bai kama zancen ba, ya taɓo matarsa yana washe baki.

"Suguna, na warke ko? Mu biya mu yi wa mai kemis godiya."