Ciyawa a Farar Baranda

Shekara goma sha tara rabon da ƙafar mutum ta taka Farar Baranda, amma in ka zauna da Samal sai ka rantse jiya-jiya ya hawo daga can. Shi ne na ƙarshe da aka zura da igiya zuwa wurin, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Ko maganar tumaki ake yi, ko ta wanda ya rasu, sai Samal ya san yadda ya karkato da ita kan barandar nan da ke jikin dutsen bayan ƙauyenmu, gaba sittin ƙasa da baki, inda a cewarsa tsuntsayen lomvigi suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Ba mai ƙaryata shi, don ba mai iya leƙawa. Dutsen ya yi mata rumfa ta sama, ta ƙasa kuma teku ba ta barin jirgi ya matso.

Ba tsoro ne ya hana sauka ba, ƙarancin hannu ne. Igiyar maza goma sha shida take ci, samari kuwa sun watse, wasu babban birni Torshavn, wasu manyan jiragen kamun kifi. Sai bana Hedin, ɗan ƙanin Samal, ya tattaro abokansa da suka zo hutun bazara, suka ce za su farfaɗo da kamun tsuntsu irin na kakanni. Hukuma ta ce ba laifi, amma sai ta ga hoton da ya nuna akwai abin ɗiba. Nan fa ido ya koma kan Marjun.

Marjun ita kaɗai Samal ya haifa. Ta haura arba'in, kuma da ɗaukar hoton tsuntsayen teku take ci. Ta rataya a duwatsun ƙasashe da dama, amma ba ta taɓa sauka na ubanta ba. Tana yarinya mata ba sa shiga igiya, da ta girma kuma babu masu riƙewa. Ta san abin da ta gano a sauran wurare: ƙananan kifayen da tsuntsaye ke ci sun ƙaura, tsuntsayen sai raguwa suke. Duk sanda ta faɗa wa tsohon haka sai ya kaɗa hannu.

"Can ne dai, wajen mutanen da ba su iya ɗiba ba. Mu nan ba mu taɓa wuce rabonmu ba. Ki sauka ki gane wa idonki, 'yar nan, gani ya kori ji."

Shi nasa idon ya riga ya yi nisa. Yana bambance haske da duhu, shi ke nan. Likita kuma ya ja Marjun gefe ya ce zuciyar tsohon a lallaɓa ta. Tun rasuwar matarsa Elin, zancen barandar nan ne yake tashinsa daga gado, kuma Marjun ta san haka sarai.

Ranar sauka da safe, bayan sun sha kofi da busasshen naman tunkiya, ya lalubo akwatinsa ya fito da safar ulu mai kauri, irin wadda ake ɗorawa a kan takalmi saboda santsi.

"Uwarki ce ta saƙa. Sa su a kan waɗannan takalman naki na kanti. Dutse ulu ya sani."

A bakin dutsen an riga an shimfiɗa igiya a kan ciyawa, an kafa gungumen da za ta riƙa gogawa a kai. Torkil, sa'an Samal kuma abokin faɗansa tun suna yara, shi ne mai kwanciya a baki yana ba da umarni. Yana ganin Samal ya doso ya ɗaga murya.

"Ku riƙe shi! Samal, ja da baya, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

"Makahon ya sauka nan sau ɗari biyu kana sama kana riƙe masa hula," in ji Samal.

Samari suka kwashe da dariya. Hedin ya ce, "Baffa, yau dai mace za mu zura. In kakanni suka ji sai sun juya a kabari."

"Kakannin nan su suka haifi malalatan da suka gudu birni. Zauna ka kama igiya."

A al'adarmu mai sauka ba ya taɓa ƙullin igiyarsa. Wanda ya fi kowa tsufa a wurin shi ke ɗaurewa, shi ke kwancewa in an hawo, shi kuma ke cire wa mutum safa. Samal ya zagaya igiyar a ƙugun 'yarsa da cinyoyinta, yatsunsa na tafiya ba lalube ba gargada. Aka cire huluna, aka yi gajeriyar addu'a, dariya ta ɗauke. Maza suka zauna a layi, kowa ya kafa dugadugansa a ramukan da dugadugan iyayensa suka haƙa. Marjun ta rataya kyamara a ƙirji, ta kama siririyar igiyar sigina, ta juya wa teku baya ta sauka.

Gaba arba'in na farko aiki ne kawai: ka tokari dutse da ƙafa, ka hana jikinka juyawa, kada ka kalli ƙasa. Da ta wuce inda dutsen ya yi rumfa sai ta tsinci kanta tana reto a sarari, teku na tafasa can ƙasa. Ta yi yadda Baba ya koya mata a kicin da cokali da zare, ta riƙa lilo, kowane zuwa yana ƙara matso da ita, har a na biyar ta cafki wani tsinin dutse ta jawo kanta ciki.

Ƙafarta ta sauka a kan abu mai laushi.

Ta duba ƙasa. Ciyawa ce, kore shar, har idon sawu, da 'yan fararen furanni a ciki. Inda lomvigi suke zama ba abin da ke tsirowa. Kashinsu yana ƙone komai, ya bar dutse fari fat, daga nan ma barandar ta samo suna. Marjun ta ɗaga kai ta bi ta da kallo. Tsawonta ya kai yadda Baba ya faɗa, faɗinta ma haka, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Amma fanko ce. Sai can ƙarshe, a wani lungu da bai fi shimfiɗar tebur biyu ba, 'yan tsuntsaye sun cure wuri guda, baƙin baya, farin ciki, kowanne a tsaye a kan ƙwansa guda.

Ta ƙirga su sau uku. Arba'in da uku.

Ta zauna a kan ciyawar ta yi kuka. Ta ga irin wannan a wurare da yawa ba ta zubar da hawaye ba, amma waɗancan ba a kansu aka yi renonta ba. Ta san sunan kowane lungu na wurin nan tun kafin ta iya karatu.

Da ta share ido sai hannu ya koma ga sana'a. Ta ja baya ta ɗauki barandar gaba ɗaya, kore daga farko har ƙarshe da ɗan ɗigon fari a kusurwa. Sannan ta kwanta rub da ciki ta ja jiki a hankali zuwa lungun, ta kwantar da kyamara ƙasa-ƙasa, ta jawo su kusa har suka cika hoton baki da baki. Ko tsinken ciyawa bai shiga ba. Duk wanda ya ga wannan zai ce dubu ne a wurin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta san in ya isa hukuma za a ba da izini, su Hedin su sauko da raga, kuma arba'in da uku ba za su kai azahar ba. Ta san kuma fuskar da ke jiranta a sama. Ta ce wa ranta yau ɗaya dai, gobe ta san yadda za ta yi. Ta ja siririyar igiya sau uku.

Tana dafa gungume aka yi caa a kanta. Hedin ko numfashi bai mayar ba ya ce, "Yaya? Suna nan?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta kunna kyamara ta miƙa musu hoto na biyu. Ihu ya tashi. Torkil ya ƙura ido ya ce, "Kai! Samal, ashe ƙaryar taka da gaskiya a ciki. Ko allura ba ta da wurin faɗawa."

Samal yana murmushi ya matso ya kwance ƙullin. Ya durƙusa da ƙyar, ya zare safar dama, ya zare ta hagu. Sai ya tsaya a durƙushe. Ya murza ulun tsakanin yatsunsa, ya kai shi hanci. Marjun tana kallon ƙeyarsa. Ya cusa safar a aljihu, ya ce a naɗe igiya kafin raɓa ta taɓa ta.

A gida ta dafa dankali, bai ci ba. Ya fito da safar ya ajiye a kan tebur tsakaninsu.

"Marjun."

"Na'am, Baba."

"Duk wanda ya hawo daga Farar Baranda, uwarki ba ta barinsa ya shigo ɗakin nan. A waje yake tuɓewa. Safar kuwa kwana uku take a rafi kafin warin ya fita." Ya tura su gabanta. "Waɗannan ƙamshin makiyaya suke yi."

"Ai ta kan ciyawa na bi kafin in sauka."

"Kada ki ƙara ƙarya a kan ƙarya, ba ki iya ba. Ciyawar sama busasshiya ce, tumaki sun aske ta. Wannan mai ruwa ce, har da fure a maƙale." Ya ɗago kai. "Nawa?"

Ta faɗa masa.

Ya maimaita lambar a hankali, kamar yana ɗanɗana ta. Sannan ya ce, "Ni kaɗai na taɓa ɗaure tsuntsu ɗari tara a wuni ɗaya. Aka ɗauke ni a kafaɗa har ƙofar coci."

"Ba kai ba ne, Baba. Kifi ne ya ƙaura. Ko'ina haka ne."

"Na ji. Kin sha faɗa, ni ne ban saurara ba." Ya laluba ya kamo hannunta. "Kin ɗauko na gaskiyar?"

"Na ɗauko."

"To, kin yi rabin hankali."

Washegari Lahadi, bayan an fito coci, aka taru a ajin makarantar da ta daɗe ba ɗalibai. Hedin ya riga ya rubuta takardar neman izini, saura Samal ya sa hannu, don shi ke da rabo mafi girma a dutsen. An rataya farin zane a allo, an haska hoton tsuntsaye cunkus, mata na ta sanya albarka.

Samal ya miƙe ya dafa benci. "Cire wannan, 'yar nan. Sa ɗayan."

Ta sa. Hedin ya dubi Marjun, ita kuma ba ta kau da kai ba.

"Ni ba na gani," in ji Samal. "Torkil, kai ka faɗa mini. Wane launi ne?"

Torkil, wanda bai taɓa rasa abin tsokanarsa da shi ba tun suna 'yan shekara bakwai, ya dubi hoton ya amsa. "Kore ne, Samal."

"Daga ina zuwa ina?"

"Daga lungun Kujerar Liman har na Maƙogwaro. Sai ɗan fari a ƙarshe."

Hedin ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baffa, ko goma ne mu ɗauka, don dai kada al'ada ta mutu. Shekara nawa muna jin labari a bakinka?"

"Laifina ne, na cika ku da labari. Al'adar ita ce a ɗauki ɗaya cikin goma a bar tara. Je ka raba arba'in da uku, ka ga ko ya isa a ta da maza goma sha shida." Ya miƙa hannu. "Ba ni takardar."

Aka ba shi. Bai yaga ta ba. Ya ninke ta sau biyu ya mayar wa Hedin, ya ce ya adana wa jikokinsa, wataƙila su su ga ranar. Igiya kuma a shafa mata mai a rataye, amma duk bazara a zura Marjun sau ɗaya da kyamararta, ba raga, ta ƙirgo.

"In babu ni, Torkil ne babba, shi zai ɗaure ta. Ku dai duba ƙullin bayansa, bai taɓa iyawa ba."

Ba wanda ya yi dariya, har Torkil ɗin.

A hanyar gida ya riƙe gwiwar hannunta, suna tafe a hankali saboda numfashinsa. Daf da ƙofa ya tsaya.

"Wannan hoton na ƙarya, kada ki goge shi."

"Me za ka yi da shi, Baba?"

"Ki wanke mini babba, ki kafa a saitin gadona. Ba gani zan yi ba." Ya lalubo mariƙin ƙofa. "Amma haka wurin yake da na bar shi."