Atishawar Malam Kuramochi

Tun da Chinatsu Hokari ta fara digirinta na uku take kiwon kwalabe kamar mai kiwon kaji. A cikinsu akwai 'yan dunƙulen zinariya da ido ba ya gani, kowane dunƙule ƙwayoyin zarra ne 'yan kaɗan manne da juna. Aikinta ta gano yadda suka jeru. Hakan kuwa ba ya yiwuwa sai dunƙulen sun taru sun daskare sun zama ƙwayar kiristal, a ɗauke ta a kan tsinke, a haska ta a na'ura. Kwalaben nan sun sha ba ta baƙar laka. Sai ga shi ranar wata Talata, saura ƙiris a rufe karɓar kundin digiri, ta leƙa ta ga ƙwaya ja, wadda ko ƙwayar gishiri ta fi ta girma. Guda ɗaya tak!

A ɗakin binciken nan, ƙwaya mai daraja Malam Kuramochi, mai kula da karatunta, ke ɗauka da kansa. Hannunsa ba ya rawa, kowa ya shaida. Sai dai lokacin furen itatuwan sugi ne, kuma duk shekara garin furen nan sai ya mai da hancin Malam famfo. Atishawarsa har masu gadi a ƙasan bene suna jin ta.

"Ki ce masa a'a mana," in ji Tetsuro, abokin karatunta, yana cusa dunƙulen shinkafa a baki.

"Ni in ce wa Malam a'a? Kai ka taɓa?"

"Ni ai ba ni da ƙwaya. To ki ɗauka da kanki."

Gaskiyar magana tsoro take ji. Sau ɗaya ta gwada a shekarar fari, ta murƙushe ƙwayar wani, tun daga nan ba ta ƙara kusantar tsinken ba.

Malam ya iso da takunkumi biyu a fuska, idanu jajur. Ya zauna gaban madubin ƙara girma, ya tsamo ƙwayar ya sa ta cikin ɗigon mai. Daga nan sauri ake yi, don in ta daɗe a waje sai ta tsattsage. Ya ɗauki tsinke. Sai kafaɗunsa suka ɗaga, hancinsa ya soma motsi a ƙarƙashin takunkumi.

"Hokari, karɓi! Maza!"

Ya danƙa mata tsinken, ya fice a guje.

Ba ta sami damar jin tsoro ba. Ta zauna, ta riƙe numfashi, ta bi ƙwayar cikin mai tana zille mata, har ta hau bakin tsinke. Tetsuro ya buɗe na'ura, ta ɗora, suka rufe. Jim kaɗan ɗige-ɗige suka cika allo, tsaf-tsaf, kowane a mazauninsa. Daga su ne za a lissafo mazaunin kowace ƙwayar zarra. Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta, ta hau dukan bayan Tetsuro.

"Wayyo bayana! Ke, tsaya ma," ya ce. "Kin ji atishawa?"

Ta kasa kunne. Ba ta ji ba.

Ta leƙa waje. Ga Malam a kan benci, ya miƙe ƙafa, yana kurɓar shayin gwangwani hankali kwance.

"Malam, ina atishawar?"

"Ta fasa zuwa," ya ce, ko kunya babu. "Ta hau?"

"Ta hau, Malam."

"To madalla. Baɗi zan yi ritaya, Hokari. Wa kike so in bar wa tsinken, wancan acicin?"

Ta sunkuyar da kai don gaisuwar godiya, ta daɗe ba ta ɗago ba, don kada ya ga hawayenta.