Gwiwar Dama

Mai Agogo yana zaune a can saman wani tsohon bene, ɗaki da falo da ɗan baranda. Tun da matarsa ta rasu 'yarsa ta sa wa matakalar benen ido. Sharaɗinta ɗaya ne: ranar da ya kasa hawa da sauka da ƙafarsa, ranar za ta kwashe shi zuwa gidanta, inda ta riga ta share masa wani ɗaki kusa da kicin, tsakanin injin wanki da kekunan yara. Ya taɓa kwana a ɗakin. Ya gwammace kabari, ko ba komai can ba a kunna talabijin.

Gwiwarsa ta hagu ce ke ciwo. Likita ya duba, ya ce tsufa ne, ya rubuta ƙwayoyi. 'Yar ba ta gamsu ba, don a ganinta likitan da bai tsorata ta ba bai san aikinsa ba. Ta duƙufa a kan wayarta, ta gano cewa kowace al'umma a duniya tana da yadda take azabtar da tsofaffinta da sunan magani, ta kuma ƙudura sai ubanta ya ɗanɗana duka.

"Baba, ko ka yarda a yi maka, ko ka haɗa kayanka," ta ce masa a waya.

"Wa zai yi?"

"Wani ne da ya koyo a ƙasashen gabas. Allurai yake sokawa."

"Tela ne?"

"Baba!"

Mai allurai ya zo da farar riga da ƙaramin akwati, yana magana a hankali kamar mai lallashin jariri. Ya ce, "Ranka ya daɗe, miƙo ƙafar."

Mai Agogo ya dubi alluran. Duk shekarun da ya yi a shago bai taɓa barin baƙon hannu ya buɗe agogo mai matsala ba, don abin da ya riga ya raunana ba ya jure wasa. In mutum ya nace sai ya nuna gwaninta, lafiyayye ake ba shi, wanda ko an tattaɓa zai ci gaba da tafiya. Saboda haka ya naɗe wando ya miƙa ta dama.

Mutumin ya dafa gwiwar, ya lumshe ido. "Na ji shi. Hanyoyin ƙarfin jiki duk sun toshe a nan."

"Ai kuwa," in ji Mai Agogo. "Allah ya ƙara basira."

Mai allurai ya soke gwiwar har ta koma kamar bushiya, ya ƙara masa da wasu a kunne kyauta.

Bayansa sai wata mata mai kofunan gilashi. Tana kunna wuta a cikin kofi ta kifa a fata, naman ya tsotsu ya yi jajir. Ita sanyi ta gani ya shige ƙashi, ta hana shi ruwan firiji. Mai tausar da ya biyo ta, ƙato mai warin man kwakwa, ya ce zafi ne ya yi wa jinin yawa, ya hana shi shayi. Da Mai Agogo ya bi su duka, da ƙishirwa ce ta raba gardama. Kowannensu ya gano ciwo a gwiwar da ba ta taɓa ciwo ba, kuma wannan ya fi wa Mai Agogo kowane magani daɗi. Suna fita sai ya shafa wa ta hagu man zafi na kemis, ya sauka sayen jarida yadda ya saba: dama na ɗaukar nauyi, hagu na biye da ita tana mita.

Wata safiya surukinsa ya hauro yana haki, da wani siririn mutum a bayansa riƙe da kwalba mai hujojji a murfi. Wani abu na ƙugi a ciki.

"Baba, wannan kam ba wasa ba ne. Ƙudan zuma ne. Mahaifiyar abokin aikina, daga yi mata ta jefar da sanda."

"Allah ya jiƙanta."

"A'a, Baba, tana nan da ranta."

"To Allah ya ba ta haƙuri."

Mai Agogo ya dubi kwalbar. Allura da kofi wasan yara ne, wannan kuwa halitta ce mai fushi. Amma suruki na tsaye a kansa, kuma ga shatin kofuna nan jere a gwiwar dama. In ya miƙa hagu yanzu, sai ya yi bayani, ga wanda ya ɗauke masa 'ya kuma yake shirin ɗauke shi. Ya miƙa dama.

Mai zuma ya sa hantsaki ya kamo ƙuda, ya ɗora, ya jira ya yi harbinsa, ya kamo wani. Ko hantsakin bai iya riƙewa da kyau ba, abin da ya fi harbin ɓata wa Mai Agogo rai.

"In ta kumbura, magani ne ke shiga," in ji mutumin.

Magani ya shiga ƙwarai. Washegari gwiwar ta yi kamar ƙwallo, tana sheƙi, ta ƙi lanƙwasuwa. Dama ba ta ɗauka, hagu kuwa ba ta taɓa koyon ɗauka ba.

'Yar ta zo da mijinta, ta ƙi hawowa. Ta tsaya a gindin matakala ta ɗaga murya, "Baba, sauko mu ga aikin zuma!"

Ya sa takalmi, ya kama ƙarfen gefe, ya fara saukowa. Bai kai kwanar farko ba hagu ta ce ita ba da ita aka yi wannan yarjejeniya ba. Ya zauna daɓas a kan matakala. Maƙwabciya ta leƙo ta ƙofa, ta koma ta kira 'yar'uwarta su gani tare.

'Yar ta hauro da gudu, ta durƙusa, ta ga ya rungume gwiwar hagu da hannu biyu.

"Baba, me ya sami wannan kuma?"

"Ita ce mai ciwon."

"Tun yaushe?"

"Tun uwarki na da rai."

Ta dubi ta dama da shatin kofuna da kumburinta, ta dubi ta hagu, fes, ko ƙwarzane babu. Ya jira ta yi kuka ko ta yi faɗa, don ya tanadi amsar kowanne. Sai ya ga fuskarta ta washe.

"To alhamdulillahi! Ashe ba maganin ne bai yi ba, ba a ma fara ba." Ta juya ga mijinta. "Goyo shi, a hankali. Ka kulle ƙofar ka riƙe makullin. Bari in kira mai allurai, gobe ya same mu a gida."