Bayan Farin Dutse

A ƙauyenmu akwai maganar da na tsana fiye da kowace, wato “ai kowa ya sani.” Da ita ake toshe bakin duk wanda ya zo da gyara. Ka ce a rufe tafkin ruwa saboda yara, a ce kowa ya san wurin da zurfi. Ka ce a sauko da farin dutsen da ake harbi ranar salla daga kan tudu, a ce kowa ya san ba a bin hanyar bayan tudun a wannan rana.

Ni ina aiki a ƙaramin asibitin da ke ƙasan kwari, kuma na taɓa riƙe ƙafar wata yarinya ana ciro mata harsashin da har yau ba a san daga bindigar wa ya fito ba. Shi ya sa da mahaifina, Baba Hizam, ya dawo daga kasuwar birnin Zamar da ’yar siririyar bindiga naɗe cikin mayafi, ya miƙa wa jikansa Gamdan, ban taya su murna ba.

“Baba, yaron da bai gama firamare ba?”

“Murshid, a shekarunsa ni na riga na harbe kura.”

“Kaka, bara ka ce dila ne,” in ji Gamdan.

“Kai tafi can, ɗan nema! Tana girma ne a bakina.”

Uban Gamdan, yayana, yana Jidda wurin aiki. Idon Baba ya yi rauni, hannunsa kuma rawa yake yi ko da kofin shayi ya ɗauka. Idan ban koya wa yaron ba, Shayif ne zai koya masa, ɗan goggona, wanda a ɗaurin aurensa watan jiya ya zazzage harsasai a sama har sai da ƙarfen bindigarsa ya ƙona masa hannu. Na ce na karɓa, amma bisa sharaɗina.

Kowace yamma muna sauka busasshen rafi, inda gaɓar ƙasa ta yi tsayi kamar bango. Nakan jera gwangwanayen wake a gindinta. Gamdan ya kwanta rub da ciki, ya manna gindin bindiga a kafaɗa, kunci a kan katako. Ranar farko ya runtse ido biyu ya ja kunama, harsashin ya tayar da ƙura can gefe, shi kuma ya tashi zumbur yana juyowa da bakin bindigar saitin cikina.

“Na samu, Baffa?”

“Saura kaɗan ka samu hantata. Bakin bindiga ƙasa!”

A hankali ya iya. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ido ya zauna a kan abin harbi. A saki rabin numfashi, a riƙe sauran, a matsa a hankali ba fizga ba. Da an gama a buɗe ta a duba ciki, ko da kai ka cire harsashin da hannunka. Amma abin da na fi nanata masa, har ya fara kwaikwayon muryata, shi ne kafin ya kwanta sai ya taka da ƙafarsa ya ga abin da ke bayan gwangwanin.

“Baffa, ƙasa ce fa. Jiya ma ƙasa ce.”

“Je ka duba.”

“Ko ta haihu cikin dare?”

“Harsashi ba ya tsayawa don ka yi kuskure. Wucewa yake yi ya nemi wani. Je ka duba.”

Yakan tafi yana jan ƙafa, ya leƙa, ya ɗago hannu ya ce, “Ƙasa tana gaishe ka!”

Ana gobe salla na sake tayar da maganar tudun a zauren Baba, maza sun cika kumatu da kat, ganyen da ake taunawa a wajenmu lokacin hira. Na ce dutsen yana bakin tudu ne, babu komai a bayansa sai sarari, duk harsashin da ya kuskure yana sauka ne a kan hanyar gonakin dawa. Na ce a sauko da shi gindin tsauni.

Shayif ya gyara wuƙar ɗamararsa ya yi dariya. “Likita bokan Turai ya fara. Kakanninmu a nan suka yi harbi, wa ya mutu?”

“Sai an mutu za ku motsa?”

“Kowa ya san ba a bin hanyar nan ranar salla. Har jakuna sun sani.”

Aka kwashe da dariya. Baba ya ce a zuba wa Murshid ruwan sanyi, karatu ya yi masa zafi a ka.

Washegari bayan an ci nama aka fita fili. Farin dutsen yana can sama, an sake shafe shi da farar ƙasa, yana ƙyalli. Mata suka hau rufin gidaje. Al’adarmu ita ce, idan akwai sabuwar bindiga a hannun yaro, ita ke buɗe fili. Ba wanda zai harba sai ta yi magana, ko da shi ne dattijon gari. Aka shimfiɗa wa Gamdan mayafi a ƙasa. Ya kwanta, ya sa harsashi, ya manna kunci.

Na tsaya a bayansa. Na san yaron ya iya gwangwani a rafi, amma wannan ya ninka nisan, ga kuma idon mutane. Zai kuskure, ko a na farko ko a na biyu, kuma harsashin zai haye tudun. Bayan shi maza fiye da ashirin ne za su biyo.

Sai Gamdan ya ɗago kai, ya buɗe bindigar, ya zare harsashin ya sa a aljihu, ya kwantar da ita bakinta yana kallon ƙasa. Ya miƙe.

“Ina za ka, angon kakarka?” in ji Baba.

“Zan duba baya.”

“Bayan me?”

“Bayan dutsen, Kaka. Ban ga abin da ke can ba.”

Filin ya ɗauki ihu. Wani ya ce fitsari ne ya matse shi. Wani ya ce a kawo masa tsintsiya, ita ta dace da shi. Shayif ya fi kowa murya.

“Kun ga aikin Likita! An ba shi namiji ya mayar mana da malamar asibiti. Gamdan, dawo ka kwanta, kada ka kunyata ubanka yana ƙasar mutane!”

Yaron ya tsaya. Kunnuwansa sun yi ja. Ya dube ni. Ban ce masa komai ba, don na san in na buɗe baki za a ce ni na tura shi, kuma abin zai bi shi har ya yi gemu. Ya sunkuyar da kai ya kama hanyar tudu, da farko yana tafiya, daga baya ya sa gudu.

Hawan ba kusa ba ne. Mutane suka fara ƙosawa. Shayif ya sauke babbar bindigarsa daga kafaɗa ya ɗana ta.

“Bari in fasa dutsen kafin ya isa, ya tarar da gari. Ai ta can gefe yake hawa, ba zan taɓa shi ba.”

Na yi kansa. Amma sandar Baba ta riga ni, ta sauka a kan ƙarfen bindigar ta danna shi ƙasa.

“Kai ɗan wa ne da za ka yi magana kafin sabuwar bindiga?”

“Kawu, ai yaron ya gudu.”

“Ko Makka ya tafi sai ya dawo. Sauke.”

Shayif ya sauke yana gunaguni. Muka zuba ido. Gamdan ya zama ɗan ɗigo a jikin tudun, ya kai bakin dutsen, ya ɓace a bayansa.

Can ya sake bayyana yana kaɗa rawaninsa sama da hannu biyu. Sai wani abu ya taso a gefensa, daidai kafaɗar farin dutsen: ƙaton dami na karan dawa, a ƙarƙashinsa mace cikin baƙaƙen kaya, a bayanta jaki.

Daga kan rufin gidaje wata tsohuwa ta rafka salati.

“Wace ce wannan?” in ji Baba, yana ƙanƙance ido.

Sai Shayif ya zauna daɓas a ƙasa. Jakin nasa ne. Matar kuma Takiyya ce, amaryarsa, wadda aka kawo daga wani kwari mai nisa ko wata biyu ba a yi ba.

Suka sauko tare, yaron yana jan jakin. Da ta ga taron maza ta ja mayafi ta tsaya nesa, tana mamakin yadda kowa ke kallonta. Shayif ya taso da kyar.

“Me ya kai ki can? Yau fa salla!”

“Saniya ba ta san salla ba, tun safe take kuka. Na ga kowa ya shagala, na ce bari in yanko mata.”

“Ba a bin hanyar nan yau! Kowa ya sani!”

“To ni wa ya gaya mini?”

Shayif ya waiwaya wajen rufin gidansu inda uwarsa da ƙannensa suke, su ma suna kallon juna. Kowace ta ɗauka wata ta faɗa mata.

Ina da maganganu cike da baki, na shekara da shekaru, kuma na so in zazzage su a filin nan ɗaya bayan ɗaya. Amma ba abin da na iya faɗa sai alhamdulillahi. Na kama kan Gamdan na manna a ƙirjina.

“Baffa,” ya ce a hankali, “yau ba ƙasa ba ce.”

Baba ya daɗe yana duban tudun. Sannan ya nuna samari biyu da sandarsa.

“Ku hau ku sauko da dutsen nan, ku kafa shi gindin tsauni. Iska ta yi yawa a sama, tana ɓata wa yaro saiti.”

Iska. Ko ganye ba ya motsi sosai a lokacin. Na bar shi da iskarsa.

Shayif ne ya karɓi dutsen daga hannun samarin, ya kai shi gindin tsaunin da kansa, ya tokare shi da ƙananan duwatsu. Gamdan ya bi shi a baya, ya zagaya, ya leƙa, ya shafa jikin tsaunin da tafin hannu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Ya dawo ya kwanta. Harbi na farko ya tayar da ƙura a hagu. Na biyu ya bugi tsauni sama da dutsen, daidai tsayin mutum mai ɗauke da kaya, na ga Shayif ya kawar da kai. A na uku farar ƙasa ta yi tsalle, ƙarar ta dawo mana daga kwari, mata suka ɗauki guɗa.

Wani saurayi ya ɗaga bindiga sama zai yi ta murna. Shayif ya riƙe masa hannu.

Gamdan ya buɗe tasa, ya leƙa ciki, ya juya bakinta ƙasa, sannan ya miƙe ya nufi kakansa.

“Kaka, kai a harbi na nawa ka samu dilar?”

“Kura ce, ɗan nema,” in ji Baba. Ya ciro rawaninsa ya naɗa masa.