Aljihu Goma na Wadia

A duk unguwar Maamobi ta Accra babu telar da ta kai Wadia tsinannen tsantseni. Shekara goma sha ɗaya kwantenar da take ɗinki a ciki na jikin teburin da nake sayar da koko, kuma da idona na ga ta farke rigar amarya ana gobe biki, wai kalmasar ta kauce da faɗin farce. Amarya na kuka, ita ko a jikinta.

Amma ni na san abin da ke cin ta. 'Yarta Asana tana can garinsu a arewacin ƙasar, wajen kakarta, tun tana shekara uku. Yanzu ta kai sha huɗu, idon tsohuwa kuma ya fara mutuwa. Wadia na so ta koma, sai dai can mutum na ɗinka riga ɗaya ne a shekara, ta sallah. Me za su ci?

Gwamnati ta gina wata ƙatuwar masana'anta a bakin garin nasu don ta jawo masu kamfani. Shekara uku ginin na tsaye, awaki ne kawai suka samu aikin kwana a inuwarsa. Sai bana wani kamfanin ɗinka rigunan makaranta ya karɓa, ya turo mutum Accra ya nemo telolin arewa masu son komawa gida. Aka sa gwaji a wani zaure a unguwar Nima. Na rufe tukunyata na raka ta.

Mutumin, Jibirilu, siriri ne mai agogo a hannu da wani a wuya. Ya ba kowa gaban riga goma da aljihu goma, an riga an yanka.

"Minti goma sha biyar," in ji shi. "A liƙa aljihu kawai."

Kekunan lantarki suka ɗauki ƙara. Wadia kuwa ta ɗaga aljihun farko sama tana kallo. Na san kallon nan. Yankan ya ɗan karkace. Ta buɗe jaka, ta zaro almakashinta, ta hau gyara. Da lokaci ya cika, aljihu uku ta liƙa. Masu kyau, wallahi, kamar a ci. Yarinyar da ke gefenta ta gama goma har tana danna waya.

"Madam, wa ya ce ka yanka?" Jibirilu ya tambaya da Hausarsa ta zango.

"Ba daidai yake ba."

"Na sani. Ba aikinka ba ne. Can wani ya yanka, wani ya liƙa, wani ya duba. In kowa ya tsaya gyara, yaushe riga zai fita?"

Ta miƙe za ta fita, hanci a sama. Na tare ta a ƙofa, raina a ɓace.

"Sista Wadia, aljihu kika zo aura ko gida za ki?"

Ta harare ni kamar ta mare ni. Sai kuma idonta ya kawo ruwa. Ta juya wajen Jibirilu.

"Mepaakyew, don Allah, ɗan'uwa. Ka ba ni sau ɗaya kuma."

Ya dube ta, ya dubi aljihu ukun nan ya daɗe. Ba mugu ba ne, shi ma an ba shi adadin da zai kai.

"Yoo, na yarda. Amma ba Hajia almakashin ya riƙe," in ji shi, yana nuna ni.

Ta miƙo mini. Na tsaya ina kallon matar da ba ta taɓa barin zare ya leƙo ba tana tura karkataccen aljihu ƙarƙashin allura, ɗaya bayan ɗaya, ta cije leɓe. Tausayinta ya kama ni har na kau da kai. Ta gama goma da sauran minti ɗaya. Jibirilu ya rubuta sunanta, ya ce motar kamfani za ta tashi daga tashar Circle ranar Asabar.

Muka kamo hanyar gida har muka iso bakin gota, babbar kwatar unguwarmu. Nan ta tsaya ta kira gida, ta sa muryar wayar a bayyane don hayaniyar babura.

"Asana, ki gaya wa kaka ina zuwa Asabar."

"To," in ji yarinyar, cikin ladabi, kamar mai amsa wa baƙuwa. "Kwana nawa za ki yi wannan karon?"

Wadia ta dube ni. Ni na karɓi wayar na gaya wa yarinyar cewa wannan karon zama uwarta za ta zo yi.